Yadda Rasha ta ɗauki matasan Ghana aikin yaɗa farfaganda a intanet

A ranar 12 ga Maris, 2020, Facebook ya sanar da rufe asusu 49 da shafuka 69, da asusun Instagram 85, waɗanda ake gudanarwa daga Ghana da Najeriya a madadin wasu mutane a Rasha. Twitter ma ya rufe asusu 71.

Binciken tashar CNN tare da Darren Linvill da Patrick Warren na Jami'ar Clemson ta Amurka ne ya bankaɗo lamarin. A wani gida da ke wajen Accra, 'yan Ghana 16, yawancinsu matasa, suna aiki a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna EBLA, wadda ke ikirarin kare haƙƙin bil'adama. An raba musu wayoyi, ana turo musu abin da za su wallafa da sunan baƙaƙen fatar Amurka: zaluncin 'yan sanda da wariyar launin fata. Jami'an tsaron Ghana sun kai samame gidan a watan Fabrairun shekarar.

Facebook ya danganta aikin da mutanen da suka taɓa hulɗa da IRA, cibiyar farfaganda ta birnin St. Petersburg da Yevgeny Prigozhin ya ɗauki nauyinta. Binciken ya nuna akwai ma'aikatan da ba su san wanda ke biyan su ba. Yawancin saƙonnin ma ba ƙarya ba ne. Ƙaryar tana wajen mai maganar, manufar kuma ita ce hura wutar gaba kafin zaɓen Amurka.

A Disambar 2020 Facebook ya sake rufe wasu asusun, ciki har da na masu alaƙa da sojin Faransa, waɗanda ke auna Mali da Nijar da wasu ƙasashe.

Wannan ya shafi zangunan Accra kai tsaye. A Nima da Maamobi matasa na neman aiki, a Kasuwar Malam Atta kuma saƙon murya na WhatsApp kan zaga rumfuna ya tsallaka har Kano ko Maradi. Wanda aka yi wa tayin aikin wallafa saƙonni da sunan da ba nasa ba, ya tambayi wanda ke biya. Wanda saƙo ya tunzura shi, ya dakata da turawa, ya duba shafukan tantance labarai irin su Dubawa da GhanaFact.