Abin da ke Kayar da Zakarun Sakandare a Lissafin Jami'a

Ga wata tambaya da ta daɗe tana caza kan sababbin ɗaliban jami'a: lambar nan 0.999…, wadda tarar da ke bayan ɗigonta ba su da iyaka, daidai take da 1 ko kuwa ta gaza shi da ɗan kaɗan? A 1978 wasu malamai biyu na Jami'ar Warwick da ke Ingila, Rolph Schwarzenberger da David Tall, suka buga abin da suka gano bayan sun yi wa ɗaliban shekarar farko wannan tambaya. Akasarinsu sun ce ta gaza 1. Amsar kuwa ita ce daidai suke, ba ragi ba ƙari. Kowa ya yarda sulusi 0.333… ne. To ka ninka shi sau uku: ta wannan gefe ka samu 0.999…, ta wancan ka samu 1. Waɗannan yara sun tsallake jarrabawa mai tsauri kafin su samu gurbi, kuma suna warware lissafin da ya fi wannan tsawo ba tare da sun yi gumi ba. Me ya hana su ganin abin da ke gabansu?

Irin wannan tambaya ce ta haifar da wani fanni na bincike mai zaman kansa, wanda ke nazarin yadda ake koyar da lissafi a jami'a da yadda ɗalibai ke koyonsa. A 1981 Tall ɗin nan da Shlomo Vinner na Jami'ar Hibru da ke birnin Ƙudus suka kawo bayanin da har gobe ake aiki da shi. Suka ce kowane ɗalibi yana da abu biyu game da kowace mas'ala: ta'arifin da aka rubuta masa a allo, da kuma hoton da ya daɗe da ginawa a zuciyarsa daga misalai da zane-zanen da ya saba gani tun sakandare. Idan aka ce ya faɗi ta'arifi, zai karanto shi tiryan-tiryan. Idan aka ba shi aiki, hoton yake bi. Shi a hotonsa 0.999… tafiya ce da ake ta yi ba a isa ba, alhali a wurin masanin lissafi sunan wurin da tafiyar ta dosa ne. Malami zai iya maimaita ta'arifin sau goma, amma muddin bai ji abin da ke cikin kan yaron ba, hoton yana nan daram.

Ga kuma sauyin da ke samun lissafin kansa a bakin ƙofar jami'a, wanda masanin lissafi ɗan Jamus Felix Klein ya yi kuka da shi tun 1908. A sakandare ana ba ka dabara ka yi aiki da ita har amsa ta fito. A jami'a sai a ce ka kawo hujja cewa magana gaskiya ce a kowane hali. Ɗalibai da yawa suna ɗauka gwada misali biyar ko goma ya wadatar. Akwai misalin da Leonhard Euler ya lura da shi a 1772 wanda ke warkar da wannan zato. Ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ɗebe lambar daga abin da ka samu, ƙara 41. Da 1 za ka samu 41, da 2 ka samu 43, da 3 ka samu 47, duka lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1. Haka abin zai yi ta tafiya har zuwa 40, ba kuskure ko ɗaya. A 41 sai ka samu 1681, wato 41 sau 41. Shaida arba'in a jere, ta arba'in da ɗaya ta rushe su.

Karanta hujja ma sai an koya. A Jami'ar Loughborough, Matthew Inglis da Lara Alcock sun zaunar da ɗalibai da ƙwararrun malamai gaban kwamfuta mai bin motsin ido, suka ba su hujjoji su tantance ingancinsu. Sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna idon ɗalibai ya fi daɗewa a kan alamomi da jerin lambobi, yayin da ƙwararru ke kai da komo tsakanin layi da layi suna neman abin da ya halatta a tashi daga wannan a faɗa wancan. Abin dariya, su kansu ƙwararrun ba su yi ittifaƙi a kan ingancin wasu hujjojin ba. Bayan shekara biyu, tare da Mark Hodds, suka gwada wani gajeren jagora da ke koya wa ɗalibi ya tsaya a kowane layi ya bayyana wa kansa dalilinsa da alaƙarsa da na baya. Waɗanda suka karanta shi sun fi sauran ɗaliban fahimtar hujjojin da aka ba su daga baya.

A ganina binciken da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na Uri Treisman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A tsakiyar shekarun 1970 baƙaƙen ɗalibai suna faɗuwa sosai a kalkulas, wato lissafin sauyi da ake fara karatun kimiyya da injiniya da shi, ɗalibai 'yan asalin Sin kuwa suna haskakawa. Da aka tambayi malamai dalili, sai suka jero abin da kowa zai jero: rashin himma, raunin makarantun da suka fito, rashin goyon bayan gida, talauci. Treisman bai tsaya a nan ba. Ya zaɓi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare, ya bi su wata da watanni yana kallon yadda suke karatu a ɗakunansu. Dalilan nan huɗu ba wanda ya tsaya da ƙafarsa. Baƙaƙen ɗaliban masu himma ne, iyayensu na tsaye a kansu, da yawansu su ne zakarun makarantun da suka baro. Bambancin da ya gani shi ne kusan dukkansu su kaɗai suke karatu, ƙofa a rufe, domin haka suka saba cin nasara a baya. 'Yan Sin ɗin sukan yi nasu karatun su kaɗai, sannan da yamma su haɗu, a ci abinci tare, a baje aikin gida, wannan ya kama kuskuren wancan. Idan tambaya ta gagari kowa, sun san tambayar ce mai wuya. Wanda ke zaune shi kaɗai kuwa, in ta gagare shi, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa kansa ne ba ya ja.

Maganin da Treisman ya kawo ya saɓa wa abin da aka saba. Maimakon ajin gyara na raunana, wanda yaro mai ji da kansa ba zai taka ba, sai ya buɗe zama na musamman da aka gabatar a matsayin na haziƙai, inda ake ba ƙananan rukuni tambayoyin da suka fi na aji wuya, malami yana zagayawa yana saurare, ba ya saurin ba da amsa. Faɗuwar ta ragu ƙwarai, kuma jami'o'i da dama a Amurka suka kwaikwayi tsarin.

Daga baya alƙaluma masu yawa sun biyo. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya, injiniya da lissafi. Inda lakca zalla ake yi, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da tattaunawa a cikin aji, kusan kashi 22 ne. Amfanin ya fi fitowa a ajin da bai wuce mutum 50 ba, amma an gan shi har a manyan azuzuwa. Wani gwaji da aka yi a Harvard, aka buga a 2019, ya ƙara wani abu mai ɗaure kai, ko da yake a darasin fiziks aka yi shi: ɗaliban da aka sa su aiki sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi ƙaruwa da lakca. Lakca mai daɗi tana sa mutum ya ji kamar ya iya, kamar mai kallon tela yana yanka yadi, har sai ranar da aka miƙa masa almakashi.

Kada a ɗauka an gama magana. R. L. Moore, wanda ya koyar a Jami'ar Texas daga 1920 zuwa 1969, ya daina lakca tun kafin a fara irin waɗannan bincike-bincike. Yakan ba ɗalibai ta'arifi da mas'aloli, su nemo hujja da kansu su gabatar a allo, amma ya haramta masu duba littafi ko taimakon juna. Ya yaye masu digirin digirgir 50, kuma dai shi ne mutumin da ya ƙi yarda baƙar fata ya zauna a ajinsa. Sannan wani bincike da Estrella Johnson ta jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya samu cewa a wasu azuzuwan aljabara da ake koyarwa ta tattaunawa maza ne suka ci ribar, mata ba su samu irinta ba. Ke nan haɗa ɗalibai rukuni-rukuni bai isa ba. Sai an duba wa ke riƙe da alli, wa ake katsewa in ya fara magana.

Akasarin waɗannan gwaje-gwaje a Amurka da Ingila aka yi su, ba a zauren da ɗaruruwan 'yan aji ɗaya ke cunkushe ba, na baya ba ya jin lakcara balle ya ga allo, kamar yadda darasin lissafin shekarar farko yake a jami'o'inmu da yawa a Nijeriya. Duk da haka, rabin abin da Treisman ya gano ɗalibanmu sun daɗe da gano shi da kansu: tutoriyal ɗin da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa da dare ko a ƙarshen mako. Sai dai sau da yawa tutoriyal ɗin lakca ce ta biyu. Wani haziƙi ɗan aji uku yana gaban allo yana warware tambayoyin jarrabawar bara, mutum sittin suna kwafa. Waɗannan sittin ɗin, in an raba su huɗu-huɗu, aka ba kowane rukuni tambayar da ba su taɓa gani ba, haziƙin ya ajiye alli ya riƙa zagayawa yana tambayar kowa dalilin layin da ya rubuta, ba a ƙara ko kwabo a kan abin da ake kashewa yanzu ba.