Farfelar Iska a Gefen Faifan Sola

Idan hazon hunturu ya lulluɓe Sakkwato ko Katsina, faifan sola kan yi rauni, batir ya mutu kafin asuba, allurar rigakafin da ke firjin asibitin ƙauye ta shiga haɗari. A daidai lokacin kuwa iskar arewa maso gabas na kaɗawa, shi ya sa wasu ke ƙara ƙaramar farfela.

Sai dai mai karatu ya lura: gudun iska in ya ninka sau 2, ƙarfinta kan ninka sau 8. Saboda haka farfelar da darbejiya ta tare wa iska ado ce kawai. A fara auna iskar wurin, a ɗaga farfelar kimanin mita 9 bisa bishiyoyi, a kuma ba ta na'urar daidaita caji tata, domin ta sola ba ta iya taka mata birki idan batir ya cika.