Makero a Jikin Kare: Rarrabe Shi da Cutar Garkuwar Jiki

A ƙauyukan gabashin Kano, kamar Kademi ta ƙasar Gaya, kare abokin aikin mafarauci ne, mai tsaron gida kuma. Sau da yawa akan ga gashinsa yana zubewa, fata ta yi ɓawo, sai a kira abin ƙazuwa kawai. Alhali kuwa akwai cututtuka biyu masu kama da juna a ido, amma maganinsu ya yi hannun riga.

Ta farko ita ce makero. Wasu ƙwayoyi ne dangin funfuna ke haddasa shi, waɗanda ke cin gashi da saman fata. Mafi yawansu a kare su ne Microsporum canis, da Trichophyton mentagrophytes wadda karnukan farauta kan kwaso daga ɓeraye da ramukansu. Alamarsa ita ce gashi ya kakkarye, ya bar da'ira mai garin fata. Yakan kama mutane, musamman yaran da ke wasa da kwikwiyo.

Ta biyu kuwa masana na kiranta pemphigus foliaceus, watau garkuwar jikin kare ce ke juyowa ta yaƙi fatarsa. Ba ta yaɗuwa. Takan fito da ƙuraje masu ɓawo a fuska da kunnuwa, dama da hagu daidai wa daida, har ta taɓa tafin ƙafa da bakin hanci inda babu gashi, wuraren da makero bai cika zuwa ba.

Duk da haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci, domin Trichophyton kan kwaikwayi wannan cuta ƙwarai. Likitan dabbobi kan haska fitilar Wood, wadda ke sa gashin da Microsporum canis ta kama ya yi hasken kore, ko da yake Trichophyton ba ta haskawa. Sa'an nan ya duba gashin a madubin likita, ya kuma rene shi a ɗakin bincike mako biyu zuwa uku. Idan shakka ta rage, sai a yanki ƙyallin fata a bincika.

Muhimmancin wannan a fili yake. Maganin cuta ta biyu, kamar prednisolone, danne garkuwar jiki yake yi. In aka bai wa kare mai makero, sai cutar ta game jikinsa, ta kuma tsallaka ga yaran gida. Saboda haka ya kamata mai kare ya tuntuɓi malamin dabbobi kafin ya sayi magani a kasuwa.