Lissafin Harajin Albashi a Ƙarƙashin Sabuwar Doka

Malaman makaranta da yawa ba su taɓa zama sun lissafa harajin da ake cire musu daga albashi ba. Wata ya ƙare, kuɗi su shigo, a ga an yanke wani abu, shi ke nan. A da wannan sakaci bai cika jawo asara ba, domin babban rangwamen da doka ta tanada yana zuwa wa ma'aikaci ko bai nema ba. Yanzu kuwa al'amarin ya sauya. A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji na Nijeriya, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Lissafin da ke cikinsu bai fi ƙarfin ɗalibin aji uku na ƙaramar sakandare ba.

Matakan haraji

Ba a ɗora wa dukkan kuɗin da mutum ya samu a shekara kaso ɗaya. Ana yanka su ne mataki-mataki, kamar hawan bene. Naira 800,000 na farko ba su da haraji ko kwabo. Abin da ya ɗara haka har zuwa miliyan 3, ana karɓar kashi 15 cikin 100. Daga nan zuwa miliyan 12, kashi 18. Zuwa miliyan 25, kashi 21. Zuwa miliyan 50, kashi 23. Abin da ya haura haka kuwa kashi 25.

A lura da kyau, kowane kaso yana hawa ne kan kuɗin da ke cikin matakinsa kaɗai. Saboda haka tsoron da wasu ke yi cewa ƙarin girma zai jefa su mataki na sama har albashinsu ya ragu, ba shi da tushe.

Rangwame iri biyu

Akwai rangwamen da ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a yi lissafi, akwai kuma wanda ake cirewa daga harajin kansa bayan an gama lissafi. Bambancinsu babba ne. Ga mai biyan kashi 15, rangwamen Naira 1,000 na iri na farko Naira 150 kawai zai rage masa, amma na iri na biyu zai rage masa 1,000 cif. Misalin iri na biyu shi ne harajin da ake riƙewa daga kuɗin kwangila tun kafin a biya mai aiki. Idan yana da takardar shaida, za a ɗebe masa shi daga abin da ake bin sa.

A iri na farko ne aka sami babban sauyi. Tsohuwar doka tana yafe wa kowa aƙalla Naira 200,000 tare da kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigarsa, ba tare da ya nuna takarda ba. An soke wannan. A madadinsa an kawo rangwamen haya, wato kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida na shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000. Har yanzu ana cire kuɗin fansho, da na asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya da ta rai, da kuma ruwan bashin da aka ci don gina gidan da mutum ke zaune a ciki.

Mu gwada da misali

Mu ƙaddara wata malama tana karɓar Naira 150,000 a wata, wato 1,800,000 a shekara. A ce ana cire mata kashi 8 cikin 100 na fansho, 144,000 ke nan. Tana biyan hayar 300,000, don haka rangwamenta 60,000 ne. Idan aka ɗebe waɗannan biyu, saura 1,596,000. A fitar da 800,000 da ba su da haraji, saura 796,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne Naira 119,400 a shekara, ko 9,950 a wata.

To, idan ba ta bayyana hayarta ba fa? Harajin zai hau kan 856,000, ya zama 128,400. Ta yi asarar Naira 9,000 ke nan saboda rashin takarda guda ɗaya.

Shirin da ya kamata

Doka ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata su miƙa bayanan albashin shekarar da ta gabata kafin ƙarshen Janairu, shi kuma mutum ya miƙa nasa ga hukumar tara haraji ta jiharsa kafin ƙarshen Maris. Amma da safe ake kama fara. A tanadi jaka ɗaya tun farkon shekara, a riƙa adana takardar albashi ta kowane wata, da rasidin haya, da shaidar fansho da inshora. A garuruwanmu an saba biyan haya hannu da hannu bisa amana. Yanzu ya kamata a roƙi mai gida ya rubuta rasidi mai ɗauke da suna da adadi da kwanan wata, sannan a sanar da ofishin albashi.

Malaman lissafi kuma za su iya mayar da wannan misali aikin aji: a sauya albashin, a sauya hayar, ɗalibai su fitar da amsa. Yaron da ya iya wannan zai koma gida ya duba wa mahaifinsa takardar albashi, ya gaya masa ko abin da aka cire daidai ne.