Babban inji a ƙaramar mota: riba da haɗarinsa a hanyoyin Batsari da Safana

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke yammacin jihar Katsina, jigilar jama'a da ta amfanin gona ta dogara ƙwarai a kan ƙananan motocin haya, musamman ƙirar Volkswagen Golf, waɗanda aka fi sani da Golf 2 da Golf 3.

Kamfanin na Jamus ya fara ƙera Golf 2 a 1983, sannan ya fito da Golf 3 a 1991. Ke nan ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25 a duniya.

Motar da ta kai wannan shekaru da wuya a same ta da injinta na asali. Kuma idan inji ya buga, tambayar da mai mota kan fuskanta a gareji ita ce: a mayar da irin wanda aka cire, ko a saka wanda ya fi shi girma?

Me ke sa a nemi babban inji?

Dalili na farko shi ne lodi. An ƙera Golf ne domin mutum biyar da 'yan jakunkunansu, kuma nauyin da aka ƙayyade mata, mutane da kaya, bai wuce kimanin rabin tan ba.

Amma ranar kasuwa, motar da ta taso daga Ruma ko Wagini zuwa Batsari, ko daga Runka zuwa Safana da Dutsin-Ma, takan ɗauko fasinja fiye da kujerunta, ga buhunan gero ko dawa ko wake a baya. Buhu huɗu masu kilo 100 kawai sun kusa cinye nauyin da aka yarje wa motar, tun kafin direba ya zauna.

Dalili na biyu shi ne hanya. Da an sauka daga kwalta, sai yashi da ramuka, da damina kuma taɓo da rafuka. Ƙaramin inji mai ɗauke da lodi yakan shaƙe a irin waɗannan wurare.

Na uku kuwa tsaro ne. Ƙananan hukumomin biyu na maƙwabtaka da dajin Rugu, kuma sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga masu tare hanya da satar mutane. Direban da ke bin hanyar da ake fargabarta ba ya son motar da za ta yi masa nawa a lokacin da ya taka totur.

Sai kuma batun kuɗi. A watan Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara tsadar motocin da ake kira 'yan Kwatano. Ga mai ƙaramin ƙarfi, sayen injin Beljiyam, wato wanda aka yi amfani da shi a Turai, daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ya fi sauƙi a kan sauya mota.

Me ya sa aikin ke yiwuwa?

Golf na cikin motocin da sauya musu inji ba ya wahala, domin kamfanin ya ƙera jiki iri ɗaya, ya riƙa saka masa injina daban-daban.

A Golf 3 akwai inji mai lita 1.4 da ƙarfin doki 60, da mai lita 1.6 da ƙarfin doki 75, da mai lita 1.8 da ke kaiwa 90, da mai lita 2.0 da ke bayar da 115. A can sama kuma akwai VR6 mai silinda shida da lita 2.8, wanda ƙarfinsa ya kai doki 174.

Da yawa daga cikin masu silinda huɗu dangi ne, shi ya sa bakanike kan iya cire wani ya dasa wani ba tare da yanke-yanke masu yawa ba.

Lita a nan tana nufin yawan iska da man da silindojin inji ke iya zuƙa. Idan ta ƙaru, injin kan ƙone mai da yawa a kowane zagaye, ya kuma juya taya da ƙarfi tun kafin ya yi gudu sosai. Wannan jan shi ne abin da direban ƙauye ke nema.

Abin da kamfani ke yi, gareji ke tsallakewa

Saka babban inji a ƙaramar mota ba sabon abu ba ne. Volkswagen da kansa ya yi haka a 1976, lokacin da ya fito da Golf GTI mai ƙarfin doki 110, shekara biyu bayan fitowar Golf ta farko.

Sai dai injiniyoyin ba su tsaya a kan inji ba. Sun ƙarfafa birkin gaba, sun sauya sifirin da shokozoba, sun kuma saka tayoyi masu faɗi.

Haka aka yi a Golf 3. Masu ƙananan injina suna da birkin ganga a baya da ƙusa huɗu a kowace ƙafa, amma VR6 ta zo da birkin faifai gaba da baya, da ƙusa biyar, da ƙafafun gaba da aka sake wa tsari.

A garejin bakin hanya kuwa, kuɗin mai mota sau da yawa kan ƙare ne a kan injin da ladan aiki. Sauran sassan sai su ci gaba da zama na ƙaramar mota, wato linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ina matsalar take ɓullowa?

Wuri na farko shi ne birki. Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi. Motar da ke gudun kilomita 120 a sa'a tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai gudun kilomita 80 fiye da sau biyu.

Idan aka haɗa wannan da lodin da ya wuce ƙa'ida, birkin kan yi zafi, ya daina kamawa yadda ya kamata, a daidai lokacin da dabba ko mai babur ya ratso hanya.

Na biyu shi ne kuloci da giyabos da shaf. An auna su ne da ƙarfin ƙaramin inji. Kuloci kan fara zamewa yana wari, shaf kuma kan karye, musamman idan mota ta maƙale a yashi direba ya matsa mata.

Na uku shi ne zafi. Babban inji ya fi fitar da zafi, don haka yana bukatar lagireto da fanka daidai da shi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin yankin ke haura digiri 40, tsohon lagireto ba ya iya riƙe shi, ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone.

Akwai kuma na'urar da ke sarrafa mai da wuta, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Kowane inji mai injekta da irin tasa. Idan ba a sayo ta tare da wayoyinta ba, wasu kanikawa kan mayar da injin kan kafireto. Motar za ta tashi, gyaranta a ƙauye ma zai fi sauƙi, amma takan ƙara shan mai, wani ɓangare na ƙarfin da aka saya kuma ya salwanta.

Batun shan mai

Ba kullum ne babban inji ya fi shan mai nesa ba kusa ba. Ƙaramin injin da ake tatsa har ƙarshen totur saboda lodi shi ma yana zuƙar mai. Bambancin ya fi fitowa idan mota na tsaye a kunne, ko ta dawo babu kaya, ko direba ya biye wa gudun da injin ke ba shi.

Mazauna yankin sun ga muhimmancin wannan lissafi a 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari, a cikin matakanta na tsaro, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita sayar da shi ga masu motoci zuwa na naira 5,000 a ƙananan hukumomin da suka haɗa da Batsari da Safana. A farashin wancan lokaci, wannan bai wuce kimanin lita 30 ba.

Daga bisani, a ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar.

Tun daga nan duk litar da inji ya ƙara sha, daga balas ɗin direba take fita, ko kuma a ɗora ta a kan kuɗin motar fasinja.

Doka da takardu

Lambar inji na cikin bayanan da ake rubutawa a takardun mota. Idan aka sauya inji ba a gyara takarda a ofishin lasisi ba, lambobin kan saɓa, abin da kan jawo wa direba tuhuma a shingen bincike. Rasidin sayen injin shi ne kariyar mai mota idan aka yi zargin kayan sata ne.

Haka nan ƙarfin inji ba ya sauya ƙa'idar gudu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motocin haya kilomita 50 a sa'a a cikin gari, da 80 a manyan hanyoyi irin wadda ta haɗa Katsina da Batsari.

Mece ce mafita?

Sauyin da ya fi aminci shi ne na mataki ɗaya, kamar daga lita 1.6 zuwa 1.8, inda sauran sassan motar ba su yi nisa da ƙarfin sabon injin ba.

Wanda ya ƙudura hawa sama da haka, ya kamata ya sayo injin tare da giyabos ɗinsa, da lagireto, da ƙwaƙwalwa da wayoyi, da kuma birki da ƙafafun motar da aka ciro shi. Idan kuɗi bai kai ba, gyaran birki da tayoyi ne ya kamata ya riga inji.

Fasinjan da ya shiga mota a tashar Batsari ko Safana ba shi da hanyar sanin irin injin da ke gabansa, balle birkin da zai tsayar da shi. Wannan amana ce da ke wuyan mai mota, da bakaniken da ya yi aikin, da shugabannin tasha da ke ba motar layi.