Ruwa a Fako, Ruwa a Huɗa

Kowane manomin Badarawa ya san ruwan sama ɗaya ne, amma aikinsa ya danganta da inda ya sauka. In ya faɗi a fako, sai ya kwarara a guje, ya kwashi ƙasa, yau da gobe ya bar kwazazzabo. In kuwa ya tarar an yi huɗa, kunyoyi za su tare shi, ya riƙa tsumawa sannu a hankali har ya kai saiwa.

Haka sukarin abinci yake da jinin mutum. Burodi da farar shinkafa fako ne. Kana ci sukari ya yi wa jini ambaliya, kafin la'asar yunwa ta dawo. A haka tumbi ke fitowa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai: hawan jini da maiƙo a jini da ciwon sukari na biye da shi.

Abin da ke yin aikin huɗa a ciki shi ne harzar abinci, wato faiba, musamman irin mai narkewa a ruwa. Tana shiga sai ta yi yauƙi, abinci ya daɗe kafin ya wuce, ƙoshi ya jima, sukari ya shiga jini kaɗan-kaɗan. Takan kuma riƙe ruwan matsarmama ta fita da shi, dole hanta ta ɗebi maiƙon jini ta haɗa wani. Tun 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince cewa giram 3 a rana na irin wadda ke cikin hatsin ots na taimakawa wajen rage wannan maiƙo. Harza ba ta narkar da tumbi dare ɗaya, kada mai talla ya ruɗe ka.

To, ots da sha'ir, inda irin wannan harza ta fi yawa, ba noman Shinkafi ko Zurmi ba ne. Gero da dawa namu suna da harza, sai dai yawancinta marar narkewa ce, ita ɗin ma surfe muke yi mu miƙa wa awaki. Mai narkewar tana nan cikin wake da kuɓewa da kuka, abin da wasu ke rainawa wai cimar talaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza kullum. Uwargida, a sassauta surfe, a yawaita wake, a bar burodi ya zama na marmari.