Idan 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan farashi, me doka ta ce?

Jama'a makiyaya da fatake, kun san yadda abin ke faruwa a kara. Ka kawo bijiminka kasuwar Adumri ko ta Ngong, mai saye na farko ya yi tayi, na biyu ya zo da kuɗin nan dai, na uku ma haka, ko dala ba ƙari. Wani lokaci kasuwa ce ta faɗi. Wani lokaci kuwa tun da asuba aka gama magana a tsakaninsu, kai kuma ga kuɗin mota da na ciyawa suna jiranka, dole ka sallama.

To, wannan haɗin bakin laifi ne a dokar Kamaru. Doka mai lamba 98/013 ta 14 ga Yulin 1998 ta hana 'yan kasuwa ƙulla yarjejeniyar tsayar da farashi ko raba kasuwa a tsakaninsu. Ta kuma hana babban kamfani amfani da ƙarfinsa ya toshe wa ƙanana hanya, sannan in kamfanoni za su haɗe su zama ɗaya, hukuma na da ikon dubawa. Ku lura, girma kansa ba laifi ba ne, danniya ce laifin. Akwai hukumar ƙasa mai kula da gasar kasuwanci ƙarƙashin ma'aikatar ciniki, ƙungiyar CEMAC ma ta sabunta tata dokar a 2019. Masu tsallakawa Mubi da Yola, can hukumar FCCPC ke wannan aiki.

Ku dubi siminti. Shekaru da dama CIMENCAM, mai masana'anta a Figil, shi kaɗai ke yin sa a ƙasar nan, sai a 2014 CIMAF ya buɗe a Duwala, Dangote ya biyo a 2015. Yau mai gini na da zaɓi, ko da yake kuɗin dakon kaya daga kudu na nan cikin farashin buhu.

Auduga kuwa daban take, don gwamnati da kanta ta bar wa SODECOTON ta Garwa sayenta tun 1974. Shi ya sa a 2011, da farashin Najeriya ya fi, auduga ta riƙa tsallake iyaka da dare.

Wahalar ita ce hujja, tunda masu haɗa baki ba sa rubutawa. In kun ga alamar haka, ku riƙe rana da kasuwa da kuɗin da aka taya, ku samu shaidu, ku kai ta hannun ƙungiyarku zuwa ofishin ma'aikatar ciniki da ke Garwa.